Sunan da Harira Ba Ta Faɗa

Harira mai taliya ta Kurmin Mashi ba 'yar Kaduna ba ce, aure ne ya kawo ta. Daga wani ƙauye take can gefen Soba, inda har yau in mace ta hango surukinta a hanya sai ta faɗa gona. Ta zo da akwati ɗaya, da injin murza taliya wanda gwaggonta ta saya mata, da kunyarta cif, ko ɗigo ba ta baro a gida ba. Kaduna ta cinye kunyar mata da yawa. Ta Harira ta gagare ta.

Mijinta Sulaiman direban babbar mota ne, albasa yake kaiwa Kudu. In ya tafi sai an gan shi. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, amma ba wannan ne ya sa ake labarinta ba, don irinsu suna nan da saura. 'Yarta ta fari ce ta sa.

A garinsu Harira ɗan fari abin kunya ne. Ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi ƙasa sai dai wani ya ɗaga. Da ta haifi Juwairiyya, ta shayar da ita a bayan labule kamar mai cin abin sata, ana yaye ta uwar miji ta zo ta ɗauke. Kaka ce ta raine ta har Allah Ya yi mata rasuwa, aka dawo da yarinya tana da wayo, tana kiran Harira "Yaya" kamar yadda aka koya mata. Ƙannenta suna cewa "Umma", ita tana cewa "Yaya", a tsakar gida ɗaya.

Nan Kaduna kuwa kowace mace da sunan ɗanta na fari ake kiranta. Matan gidan haya suka fara "Maman Juwairiyya". Harira ta zama kurma. Ko fulawarta akuya ke ci, in dai da wannan suna aka kira ta, ba za ta waiwayo ba. Da suka gaji suka koma "Maman Aliyu", sunan na biyu, nan take kunnenta ya buɗe.

In tana son magana da yarinyar, bango take gaya wa. "A ɗebo ruwa." "A gaya wa mutanen ɗakin can rana ta yi." In aka yi miya da nama, sai ta tsame tsoka mafi girma ta sa a kwano ta rufe, ta tura da ƙafa zuwa bakin ƙofa, ta ce, "Ga ragowa nan, in akwai mai so. In babu a ba kaji." Kaji ba su taɓa samu ba. Shekarar da ƙyanda ta kama Juwairiyya, Harira ta sayar da 'yan kunnenta na aure ta sayo magani, ta ba maƙwabciyarta Indo ta ce, "Kai wa 'yarki." Ita kuma ta zauna a bayan taga tana murza taliyar da ba wanda ya ce yana so, don dai ta riƙa jin numfashi.

Juwairiyya ta san duk wannan, amma 'yar Kaduna ce. Tana gani Indo tana ƙwala wa tata 'yar farin kira tun daga bakin famfo, tana goge mata baki da bakin zane, har "masoyiyata" take ce mata a gaban maza. Juwairiyya ba ta taɓa cewa komai ba. Tana dai kallo.

A makaranta ba ta cikin na gaba. Ba ta yin na ƙarshe, don akwai wani yaro da ya riƙe wannan matsayi bai saki ba, amma tana kusa da shi, suna gaisawa. Lissafi da yatsu take yi a ƙarƙashin benci. Ba a taɓa zaɓenta komai ba, ko riƙe bokitin ruwa ranar wasanni.

Tana da shekara sha biyar sai ga wata jarrabawa daga waje. Wasu mutane ne a ƙasashen duniya, waɗanda ga alama sun gama duk sauran ayyukansu, suka ce suna so su san wace ƙasa ce yaranta suka fi gane karatu. Tunda ba za a iya tara yaran duniya a ɗaki ɗaya ba, sai a jefa ƙuri'a a zaɓi makarantu, a kowace makaranta a sake jefawa a zaɓi yara. Wanda ta faɗa wa shi ne, mai ƙoƙari ne ko daƙiƙi, ba a musanyawa. Ba kyauta, ba sakamako da sunan kowa. A yi kawai a tafi.

Ƙuri'a ta faɗa wa makarantar unguwarsu, a cikin makarantar kuma ta faɗa wa Juwairiyya.

Yarinya ta dawo gida ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Ta tsaya a tsakar gida ta gaya wa Indo da ƙarfi, yadda za a ji a bayan igiyar shanya.

"Inna Indo, kwamfuta ta zaɓe ni. Ni da yaran ƙasashen duniya za mu rubuta."

Indo ta rangaɗa guɗa. Harira tana murza taliya ba ta ɗago ba, sai ta ce wa injin, "Kwamfutar ma ashe ba ta da lafiya." Amma da la'asar aka ga ta aika an sayo bula da sitati, ta ajiye a kan turmi, ta ce ita ba ta san na waye ba.

Wanda ƙuri'ar nan ta hana sukuni shi ne hedimasta, Malam Balarabe. Mutumin kirki ne a yawancin kwanaki. Sai dai da aka karanto masa sunayen waɗanda suka fito, ya cire hularsa ya ajiye a tebur. Duk yaran da yake fitowa da su in baƙi sun zo, masu Turanci kamar rediyo, ƙuri'a ta tsallake su, ta je can bayan aji ta kwaso. Ya ce wa malamai, "Yanzu da waɗannan za a nuna mu a duniya?"

Ya roƙi ma'aikaciyar da aka turo, Malama Sa'adiya, ko za a ɗan gyara ƙuri'ar. Ta ce ba a gyarawa. Yaro ba ya fita sai in ba shi da lafiya, ko in iyayensa ba su yarda ba. Ta kuma ƙara da cewa in waɗanda suka zauna suka yi kaɗan, takardun makarantar gaba ɗaya za a zubar. Malam Balarabe ya ji magana biyun farko sarai. Ta ukun ta same shi yana tunani.

Nan da nan zazzaɓi ya fara kama yara, irin zazzaɓin da ya san matsayin kowa a aji. Juwairiyya dai ta ƙi kamuwa. Hedimasta ya kira ta ya ce idonta ya yi ja, ta ce kwalli ne. Sai ya tuna uwarta. Shi ma mutumin ƙasar Zazzau ne, ya san irin su Harira, ya kuma tuna ranar da aka kawo yarinyar makaranta Indo aka turo ta faɗi suna.

Yardar iyaye kuwa da murya ake ɗauka, tunda ba kowa ke rubutu ba. Uwa ko uba ya faɗi sunansa, ya faɗi sunan yaro, ya ce ya yarda, a naɗa a waya. Sulaiman yana Kudu, motarsa ta lalace a wani daji. Saura Harira.

Malam Balarabe da kansa ya raka Malama Sa'adiya, ya kuma zaɓi hantsin Asabar, lokacin da tsakar gida ke cike da mata masu sarin taliya. Ya tsaya a ƙofar gida don ladabi, ita ta shiga. Sa'adiya 'yar Unguwar Rimi ce, a gidansu uwa har sumbatar ɗan fari take yi in zai tafi makaranta.

"Sannu da aiki, Mama. Ke ce mahaifiyar Juwairiyya Sulaiman?"

Sunaye biyu da Harira ba ta faɗa, a numfashi ɗaya, a gaban mata. Ta ci gaba da juya hannun inji.

"Wa?"

"Juwairiyya. 'Yarki."

"Akwai dai yara a gidan nan."

"To 'yarki ce ko ba 'yarki ba ce?"

"'Yar mutane ce."

Mata suka rufe baki da mayafi suna dariya. Ɗaya ta ce, "Malama, 'yar fari ce fa." Sa'adiya ta ce ma sha Allah, don ba ta ga abin da wannan ya ƙara ba. Ta kunna waya ta miƙa kusa da bakin Harira.

"Ki faɗi sunanki, ki faɗi sunanta, ki ce kin yarda ta zauna jarrabawa."

Harira ta kalli wayar kamar an miƙo mata kunama. "Ni ina ruwana da zamanta ko tashinta?"

Daga ƙofar gida hedimasta ya yi gyaran murya. "Malama, kin dai ji da kunnenki. Akwai sauran gidaje, rana tana yi."

Sa'adiya ta mai da waya jaka. Ta ce, "In kin sake shawara, Mama, har safiyar ranar ƙofa a buɗe take. Amma sai da muryarki."

Juwairiyya tana ɗaki tana goge kayan makaranta da dutsen guga na gawayi, ta ji komai. Ba ta yi kuka ba. Ta gama gugar, ta ninke kayan, ta sa a ƙasan akwati. Da aka gama abincin rana aka turo kwanon ragowa bakin ƙofa kamar kullum, sai ta ɗauko shi a rufe ta ajiye a tsakiyar tsakar gida, ta juya ta fuskanci bango ta ce, "A gaya wa mai kwanon nan 'yar mutane ta ƙoshi."

Washegari ma haka. Jibi ma haka. Tana cin na Indo, tana ɗebo ruwa, tana shanya taliya, amma kwano yana komawa da tsokarsa. A karon farko kaji suka samu.

Indo ta tsare Harira a madafa.

"Ke wai wace irin mace ce? Suna ne fa, ba garwashi ba."

"A garinmu ba a yi."

"Garinku ne zai rubuta jarrabawar? Yarinyar nan tunda aka haife ta ba wanda ya taɓa nuna ta ya ce ke, sai kwamfuta. Kwamfuta ta fi ki kara."

"Ta san abin da ke raina."

"A ina za ta sani? A kwano? To ga kwanon nan ya dawo."

Harira ta ce wa Indo miyarta tana ƙonewa. Ba ta ƙonewa, amma Indo ta tafi dubawa.

Abin da ba wanda ya sani a lokacin shi ne Harira ta fara gwaji. Ta ɗauki dawa ta tafi wurin niƙa da kanta, abin da yara ke yi. Ta tsaya gab da inji, inda ko an zagi mutum ba ya ji, ta buɗe baki ta gwada sunan. Sai ta tarar harshenta bai san hanyar ba. Shekara sha biyar tana kewaye sunan nan, ko wata ce mai irinsa sai ta ce "mai sunan wance". Yana fitowa rabi ya maƙale. Ta koma washegari da gero, ta koma da masara, har gidan ya cika da garin da ba a buƙata. Ran nan tana tsakiyar suna mai injin ya kashe inji ba zato, aka ji "Juwai" ya fito shi kaɗai a fili. Ta mai da shi tari. Mai niƙa ya ce ta riƙa rufe hanci, gari yana shiga ƙirji.

Safiyar jarrabawa Juwairiyya tana zaune tana kwaɓa fulawa da zanen gida. Harira ta fito daga ɗaki da mayafinta na zuwa biki, ta tsaya ta kalli bango.

"A sa kayan makaranta."

Yarinya ba ta motsa ba.

"A sa, na ce. Wanda ya sayi bula bai saya don akwati ba."

Suka fita, Harira a gaba, Juwairiyya a can baya, tazarar da ke tsakanin mutanen da ba su san juna ba. Indo ta biyo su da takalmi wari da wari don kada a ba ta labari.

A makaranta an share aji ɗaya, an jera bencina, rabinsu ba kowa. Malama Sa'adiya tana tsaye a baranda tana leƙen ƙofar shiga, tana tambayar hedimasta wane irin zazzaɓi ne wannan. Ya ce na bana ne, ba ya jin magani. Yana hango Harira ya taho da sauri da fara'arsa.

"A'a, Maman Aliyu! Lafiya dai? Aliyu ne ba lafiya?"

"Aliyu ƙalau yake, Malam. Allah Ya ba sauran lafiya."

Ta wuce shi ta tsaya gaban Sa'adiya. "Kunna abin nan naki."

Sa'adiya ta kunna. Harira ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa, ta juya wa kowa baya, ta fuskanci bangon aji, abokin maganarta na kullum. Ta faɗi wani abu. Sa'adiya ta saurari wayar, ba a jin komai sai ƙarar Keke Napep a titi.

"Yi haƙuri, Mama, bai ɗauka ba. Ki ɗan ɗaga murya."

"Bai ɗauka ba?"

"Ko kaɗan."

Harira ta gyara tsayuwa. Wanda ya koyi magana a gindin injin niƙa murya biyu gare shi, ko raɗa ko ihu. Raɗa ta ƙi. Sai ta ja numfashi.

"SUNANA HARIRA! NI NA HAIFI JUWAIRIYYA! NA YARDA!"

Tantabarun kan rufi suka tashi. Yara suka cika tagogi. Mai gadi ya taho da sanda. Juwairiyya kuwa sai da ta waiwaya baya ta duba ko wata ake nufi, don ba ta taɓa jin sunanta da wannan murya ba. Da ta gane, ita ma ta ja hijabi ta rufe fuska. Aka samu mutum biyu a baranda, kowa kansa a lulluɓe, kowa yana kallon nasa bangon.

Sa'adiya ta ce, "Ya ɗauka."

Harira ta ce wa bango, "To a shiga. Kada a yi ta ƙirga da yatsu a fili." Ta juya ta tafi gida ba ta buɗe fuska ba, har ta yi karo da mai rake.

Juwairiyya ta rubuta jarrabawa. Abin da ta ci Allah kaɗai Ya sani. Waɗanda suka zauna ba su kai yawan da ake so ba, aka zubar da takardun makarantar duka, na masu ƙoƙari da na masu gaisawa da na ƙarshe. Da labari ya zo Malam Balarabe ya tara malamai ya ce dama ya lura mutanen nan ba su san darajar ilimi ba. Yaran da suka yi zazzaɓi kuwa duk sun warke a rana ɗaya.

A gida kwano ya daina dawowa. Sulaiman ya iso bayan an gyara mota, tun a tasha aka ba shi labari. Ya zauna yana cin taliya da manja, ya ce, "An ce kin yi magana a makaranta."

Harira ta ce, "An ce."

Bai ƙara ba, ita ma ba ta ƙara ba. Ba ta kuma sake faɗin sunan ba, ko sau ɗaya. Ta koma bangonta, Juwairiyya ta ci gaba da "Yaya". Indo ta ce duk wahalar nan ta tashi a banza, tunda an zubar da takardu. Harira ta ce ita dama ba takarda ta je kaiwa ba.

Abin da Harira ba ta sani ba shi ne, ranar nan bayan an tashi, Juwairiyya ta bi Malama Sa'adiya har bakin mota ta roƙe ta. Sa'adiya ta ce doka ta hana, ta duba hagu ta duba dama, ta tura muryar a wayar Indo. Daga wayar Indo ta koma wayar farko da Juwairiyya ta saya da ta koyi ɗinki, daga nan duk wayar da ta canza sai muryar ta bi ta. Ta sa ta ta zama ƙarar da waya ke yi in Harira ce ke kira. Mai kira ba ya jin ƙarar wayar wanda yake kira, don haka shekaru suka wuce Harira tana ihu a shagon ɗinki a Abakpa ba ta sani ba.

Sai bara, ranar sunan ɗan Juwairiyya na fari. Ita kam tun kafin a raɗa suna take kiran abinta, tana sumbatarsa a gaban surukai, Harira tana kau da kai tana salati. Ɗaki ya cika da mata, wayar mai jego ta ɓace a cikin kayan barka. Aka ɗaga zannuwa aka rasa. Indo, wadda tsufa bai rage mata komai ba, ta ce, "Maman Aliyu, ɗan kira mana lambarta mu ji inda take."

Harira ta ciro wayarta daga lalita, ta danna inda aka nuna mata tun tuni.

Daga ƙarƙashin filo murya ta tashi. "SUNANA HARIRA! NI NA HAIFI JUWAIRIYYA! NA YARDA!" Ta yi shiru, ta sake. Jariri ya farka. Juwairiyya ta kai hannu za ta kashe, sai ta tsaya tana kallon uwarta.

Harira tana zaune a kan tabarma, wayarta a tafin hannu, jan maɓalli yana ƙarƙashin babban yatsanta, ta kuma san aikinsa sarai. Ta kalli bango ta ce, "Wace marar kunya ce wannan?"

Ba ta danna ba. Ta bar kiran ya yi ta faɗa har ya katse da kansa.